Raken da Mama ta toshe wa Baba baki da shi

Kangema, Murang'a
14 ga Satumba

Zuwa ga Yayana Ndegwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Nyokabi da yara, Allah ya ƙara muku lafiya ya kare ku daga sanyin ƙasar nan taku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma tsinkar ganyen shayi duk da mun hana ta, saniyarka kuma ta haihu, mace.

Yaya, zauna da kyau, labarin Baba zan ba ka. Ka san shekara talatin da ɗaya yana riƙe wa 'yan kulob ɗin masu kamun kifi jaka a bakin kogin Mathioya, yana nuna musu inda kifin tirawut ke kwanciya. Bana suka ba shi katin zama ɗan kulob, suka kuma sa sunansa a gasar Asabar da ta wuce. Kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. Ya ce min tsoronsa ɗaya, kada mutanen da ya koya wa jifa su gano cewa malaminsu a baki kawai ya iya. Wallahi ya ba ni tausayi, ban taɓa ganin tsohon nan yana jin tsoron ruwa ba.

Biyu-biyu aka raba su, kowane yanki da alƙalin da zai auna kifi a mayar da shi ruwa da ransa. Aka haɗa Baba da Dokta Kibuchi, likitan nan na Nairobi mai surutu da Baba ya daɗe yana yi wa jagora. Dokta na ganinsa ya fara tsiya, yana kiransa da sunansa, wai yau dai Thuita sai ya ɗauki jakarsa da kansa, a ga ko zai iya. To, an ce hali zanen dutse. Da Baba ya hango kifi ya motsa, maimakon ya jefa ƙugiyarsa mai ƙudan da aka yi da gashin zakara, sai ka ji yana raɗa wa Dokta ya jefa bayan baƙin dutsen can, a hankali, kada inuwarsa ta faɗa ruwa. Har ajiye sandar fatsarsa ya yi ya ruga da 'yar koma ya kwaso wa abokin hamayyarsa kifi! Kafin tsakar rana Dokta na da biyar, Baba ɗaya tal. Ni kam kunya da haushi suka cika ni.

Da aka tashi hutun cin abinci, Mama ce ta yi masa magana. Tana zuba masa mukimo, dakakken dankalin nan da masara, tana faɗa, wai shekara arba'in tana tambayarsa inda ya ajiye mata wuƙa bai sani ba, amma kifin da ke ƙarƙashin ruwa ya san gidan kowanne, yana rabawa kyauta kamar ɗan siyasa. Ta fere rake ta cika masa aljihu, ta ce in bakinsa ya yi ƙaiƙayi ya cusa gaɓa ɗaya, in kuwa ta sake jin muryarsa to ya nemi mai dafa masa abinci a Nairobi.

Da aka koma, Baba na tsaye cikin ruwa har gwiwa, kumatu cike da rake, zare na tafiya a sama ya sauka ko ƙara babu. Da tsohuwar zuma ake magani, Yaya. Bakwai ya kama a jere, Dokta ya ƙara uku, suka yi kunnen doki. Saura minti goma wani ƙato ya taso a ƙarƙashin reshe. Na ga bakin Baba ya buɗe, ya juya wajen Dokta. Mama ta yi tari daga kan gaɓa. Sai ya gartsa raken nan, ya jefa da kansa. Santimita arba'in da bakwai alƙali ya auna, babu wanda ya kama kamarsa a duk kogin ranar. Na yi ihu har muryata ta dushe, na yi kuka kuma, ban ɓoye ba.

Dokta mutumin kirki ne, shi ya fara rungume shi, yana cewa a bincika raken nan, akwai magani a ciki. Shekaranjiya ya bugo waya yana neman Baba ya yi masa jagora ran Asabar kamar kullum. Ina zaune Baba ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya ce a yi haƙuri, ba shi da lokaci ran Asabar, zai je kamun kifi.

Ka gaida Anti Nyokabi, da Mumbi da ƙaramin Thuita, ka gaya masa mai sunansa ya fitar da mu kunya. Mama da Kawu Gitahi suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Wacera