Na Sama Biyu

Litinin, 3 ga Maris
Oga ya damƙa sayen kayan sabon layin rediyonmu a hannun Ɗan Kwalisa, ƙanen matarsa. Mutumin da bai taɓa hawa hasumiya ba, sai guga da dogon surutu a waya. Na ce masa dufleksa biyu muke so, wato akwatin da ke raba aikawa da karɓa a eriya ɗaya, kuma su dace da zangon mitar da ke lasisinmu. Ya ce, "Yaya, an gama." Wai Yaya. Uwa ɗaya muke?

Alhamis, 6 ga Maris
Kaya sun iso. Na buɗe kwali, na yi dariya har da hawaye. Na sama ya sayo, duka biyun! Ai ɗaya na saman zango ake so, ɗaya na ƙasa, don wannan gefen layin ya aika ta inda wancan ke saurare. Shi kuwa gogan naka har da bugun ƙirji, wai ya tsaya kai da fata sai da aka ba shi iri ɗaya sak, kada a cuce mu.

Juma'a, 7 ga Maris
Dillali ya ce ba a mayarwa, sabo kuma sai wata mai zuwa. Hukuma za ta karɓe zangon in layi bai tashi ba ran sha huɗu. Oga ya rantse in lasisi ya tafi, Ɗan Kwalisa zai bi shi. Allah ya raka taki gona ban ce ba, amma na yi barci mai daɗi.

Litinin, 10 ga Maris
Ɗan Kwalisa yana can baranda, waya manne a kunne, yana ta "ranka ya daɗe" da mutanen da bai sani ba. Ko abinci bai ci ba. Rigar ma yau ba guga.

Laraba, 12 ga Maris
Ya shigo da kwali a ka, gumi sharkaf. Ashe duk kamfanonin da ke harkar nan ya bi ɗaya bayan ɗaya yana tallar wautarsa, har ya samo wani da ya sayi na ƙasa biyu. Suka yi musaya. Sakarai ya gano ɗan'uwansa.
Na hau, na ɗaura, na saita. Fitila ta yi kore. Ni da girman kaina, wallahi ba zan iya kiran mutum ko ɗaya in ce na yi shirme ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Oga ya tambaye ni a asirce ko ya sallame shi duk da haka. Na ce a bar shi, wa zai ɗauke shi aiki?
Gobe zan hau da shi hasumiya ya ga inda abin ke zama. Don kada ya sake ɓata min lokaci ne kawai. Na ba shi bel ɗina na hawa mai kyaun, ni na riƙe tsohon.