Shafi na Goma Sha Ɗaya

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Wata huɗu ke nan ina gyaran kundin tsarin mulkinmu na farko a nan gidan adana takardu. A kwali na same shi, gara ta ci gefensa, danshi ya manne shafukan. Ɗaya bayan ɗaya na rarrabe su, har idona ya fara yaji. Yanzu za a sa shi a akwatin gilashi jama'a su gani, kuma shafi ɗaya tak za a buɗe.

Na zaɓi na goma sha ɗaya, inda aka hana tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Da wannan layin lauya ya fito da Baba bayan wata bakwai a kulle, lokacin kana goye. Darakta ya ƙi, wai shafin da manya suka sa hannu ya fi kyau a hoto. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe, shi kuwa yana ta latsa waya.

Kada ka gaya wa Baba tukuna.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ku duka, da fatan jikin Baba da sauƙi. Na ga saƙonka cewa in yi haƙuri. Na kasa. Baƙi na watsewa ranar da aka fara nuna kundin na ɗauko mabuɗin akwatin na juya shafin da kaina. Kwana tara babu ma'aikacin da ya lura.

Wata tsohuwa ta sa na karanta mata shi sau biyu. Ɗanta shekara guda ke nan a tsare, ba ta san an taɓa rubuta irin wannan ba. Na gaya mata an daɗe da sauya kundin, amma layin yana nan cikin na yanzu. Na kwafe mata shi a takarda ta kai wa lauya.

Jiya Darakta ya gani. Ya karɓe mabuɗin, ya mayar da shafinsa, ni kuma an tura ni ɗakin tsofaffin jaridu, ko taga babu. Na sha kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ɗazu tsohuwar ta dawo da mata uku, kowacce da farar takarda a hannu. Mai gadi ne ya nuna musu ƙofata.

Ka gaishe min da Baba, ka gaya masa komai.

Taka kullum,
Auta