Mun Duba Fina-finanku Ba Mu Ga Kanmu Ba

Zuwa ga masu shirya fina-finan soyayya na ƙasar Turkiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan annobar korona ta tsallake gidajenku. Sunana Maman Hanan, Bakanuwa ce, na biyo maigidana da yake karatu a Kuala Lumpur. Muna zaune a hawa na tara a unguwar Wangsa Maju.

Bari in fara da godiya. Da aka kulle garin nan, aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa fita cefane daga kowane gida, ku kuka ɗebe mini kewa. Ni da maƙwabciyata Kak Ros, 'yar Malay, kowa na kallo a ɗakinta, bayan la'asar mu leƙo baranda da takunkumi mu yi ta cin naman uwar saurayin fim ɗin. Sau biyu ina ƙona shinkafa saboda ku. Na yafe.

Amma ranku ya daɗe, ina da ƙorafi.

Na ɗaya: duk kallon da na yi, baƙar fata ɗaya tak na gani. Ya buɗe ƙofar otal, ya rusuna, shi ke nan. Sau uku na mayar da fim ɗin baya ina ƙwala wa mutan gidan kira su zo su ga ɗan'uwa. Maigida ya ce wataƙila babu baƙaƙe a ƙasarku. Sai abokin karatunsa, Baturke, ya shaida masa akwai su a yankin Izmir, kakanninsu ma can aka haife su. To ina kuka ɓoye su?

Na biyu: a fina-finan da na gani, mai mayafi ko 'yar aiki ce ko tsohuwar ƙauye. Mai jiki irin nawa kuwa goggo ce da aka ajiye don a yi dariya. Haba! Mu ma fa an so mu. Wasiƙa mai shafi huɗu maigidana ya rubuto mini, kuma a lokacin ma ban kasance siririya ba.

Na uku shi ne ya sa na ɗauki biro. Ranar jajiberin ƙaramar Sallah, duk da ba idi za mu je ba, na yi wa 'yata Hanan, mai shekara tara, kitson shuku. Ta dubi madubi ta ce in tsefe, wai mai irin gashinta ba ta zama jarumar fim. Na fara dariya, sai na ga da gaske take. Na zaunar da ita, na ɗauko hotunan bikina, na nuna mata yadda babanta ya saki baki yana kallona. Ta haƙura ta bar kitson, amma da sharaɗin in tambaye ku dalili. Ga shi na tambaya.

Roƙona ba mai yawa ba ne. Ku ba baƙin mutum baki ya yi magana. Ku bar mai mayafi ta zama likita, mai jiki a yi rashin lafiya saboda sonta. Ku samo yarinya baƙa, a bi ta da gudu har filin jirgi ana roƙonta kada ta tafi. Mu da muke zubar muku da hawaye daga Kano har Malesiya mun cancanci wannan.

Hanan ta ce in faɗa muku, idan kun rasa jaruma, ku ba ta shekara goma, tana nan zuwa. Babanta dai bai sa hannu ba tukuna.

Allah ya ƙara muku basira, ya yaye mana wannan annoba, ya shiryi iyayen samarin fina-finanku.

Wassalam.

Taku mai kallo,
Maman Hanan