Gaisuwar da Lukuman Ya Tsallake

Daga Kalgo, zuwa ga Yaya Muzzammil.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can Fatakwal, kai da Rahama da yara. Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi, shinkafar fadama ma ta yi kyau.

Albishirinka, ƙanenmu Lukuman ya koma ruwa! Ka san tun da jirginsu na kamun kifi ya kife bara, abokinsa Anas ya rasu, bai ƙara kallon gulbi ba, sai zama a zaure yana ramewa. Da ƙyar na ja shi wurin wata likitar damuwa a Birnin Kebbi, Malama Laraba. To ka san abin da ɗan nan ya yi? Gaisuwa! Da ya zauna sai ya fara: ina kwana, ina gajiya, yaya maigida, yaya yara, yaya ruwa a wajenku, har lokaci ya ƙare. Zuwa huɗu haka. Na biyar ya ce babur ya lalace, alhali da idona na ga autanmu Haliru ya hau shi zuwa kasuwa.

Wallahi raina ya ɓaci, na ce wa likitar ta yi masa faɗa. Ta yi dariya, ta ce ba taurin kai ba ne, tsoro ne, kuma abin da mutum ke ta kewayewa shi ne ke masa ciwo. Da ya koma sai ta bar shi ya yi gaisuwarsa har ya ƙoshi, sannan ta tambaye shi a hankali ko akwai gidan da ya kasa zuwa gaisuwa. Shi ya ba ni labari da kansa, ya ce kuka ya kama shi. Ashe bai taɓa zuwa ta'aziyya wurin mahaifiyar Anas ba, yana ganin shi ya kashe mata ɗa tunda shi ke tuƙi.

Sai da suka ƙara zama uku kafin ya yarda ya je. Ranar Juma'a na raka shi Gwandu, gidan su Anas. Tsohuwar ta riƙe hannunsa, ta ce ta rasa ɗa ɗaya, shi kuma da ya ƙaurace mata ya sa ta rasa biyu. Ta ɗauko tarun Anas ta ba shi.

Inna da ƙanwarmu Habiba suna gaishe ku. Busasshen kifin da ke tare da wasiƙar nan, da tarun aka kama shi.

Ƙanwarka,
Fatsuma