Kawu Ya Fito Tun Kafin Jirgi Ya Tashi

Yaya Iliyasu,

Ka riga ka wuce gona, motar Muntaka kuma ta zo, mun tafi kai Baba filin jirgi.

Sai yanzu Inna ke gaya mini jiya ta ce wa Kawu Yahya ya tari Baba a Abuja da la'asar. Lissafin mota ta yi masa. Na ce mata jirgi ba ya bi ta Zariya da Kaduna, awa ɗaya ma da kyar yake cikawa. Ta ce in raba ta da surutun 'yan boko. Ni dai na tabbata, don na tambaya a wurin yankar tikiti.

Wayata ba caji, lambar Kawu kuma tana wayarka. Kana shigowa karin kumallo ka kira shi. Sha ɗaya jirgin su Baba zai tashi. Kada ya jira a ce masa sun tashi yadda muka saba a tasha, don kafin ya fita daga cunkoson Mararraba Baba ya sauka. Ya fito tun goma.

Ka san Baba ba waya, ga idon da za a yi wa aiki. Ko zai wuni a kujera, ba zai tambayi kowa ba.

Tahira