Fentin Motar Liman

Sagiru,

Na tafi kasuwar Shanono da ragon nan. Kana barci, ban tashe ka ba.

Bayan Asuba na ga motar Liman. Inda ka ɗaura soso a injin wasa fartanya ka goge jiya, fentin ya ƙone har ƙarfe ya fito. Na ce zan gyara, ya ce, "Haba Malam Ɗayyabu, ƙanenka koyo yake, na yafe." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ni na roƙe shi ya ba ka motar, kuma a ƙofar masallaci yake ajiye ta.

Da akwai inda zan tura ka, da na ce ka bar sana'ar nan. Amma gonar Baba ba za ta ciyar da gida biyu ba, ka sani.

Gobe za ka shiga Kano da kuɗin ragon. Ka sayi ƙaramin injin goge fenti wanda ake rage masa gudu, ko tsoho ne. Ka haɗa da soso mai laushi, tawul, da man gogewa mara ƙarfi kwalba ɗaya. Kada ka ɗauko babba don abokanka su gani. A tsohuwar ƙofar mota za ka koya, a gareji, domin dukiyar mutane amana ce.

Da Azahar ka je ka ba Liman haƙuri da bakinka. Ni na kasa haɗa ido da shi, kuma ba mu da wani masallacin.

Yayanka