Hausa Ta Ɓace wa Baba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya sanyin ƙasar Sifen?

A tsorace nake rubuto maka. Tun da Baba ya faɗi a gona ranar Laraba, hannunsa na dama ya shanye, Hausa ma ta ɓace masa. Sai Sifananci, yaren can inda kuka yi aikin tumatir tare. Inna ta ce aljanu ne. Jiya ya ƙura wa fartanyarsa ido yana ta cewa "yo podía", hawaye na zuba. Na duba a waya, wai "da ina iyawa" ke nan. Baffa, ba aljani ba ne. Baba ne, kuma ya san abin da ya same shi.

A gaida Goggo, a sa mu a addu'a. Don Allah ka kira yau, duk garinmu Sundimina babu mai iya amsa masa.

'Yarka,
Hadiza